Kwana Uku Cikin Gajimare

Motar Hikmet ta sauke su da la'asar,
mutum biyar daga Istanbul, da akwatuna masu taya,
a ƙauyen da taya ba ta da aikin yi.
Sun ga hotonmu a waya:
gidajen katako a ƙirjin tsaunin Kachkar,
gajimare kwance a ƙasa kamar madara a ƙwarya.
Shi suka biya kuɗi su gani.

Sai gajimaren ya hawo ya tarye su.
Ya shigo ta taga bai yi sallama ba,
ya jiƙa musu gashi,
ya haɗiye gidan maƙwabta, ya haɗiye masallaci,
ya bar mana dakali da rabin igiyar shanya.

Inna Zekiye, yaushe zai tafi?
Na ce, ni da shi shekara saba'in,
bai taɓa faɗa mini ba.

Tun ina goye nake hawowa nan,
duk shekara in zafi ya kama bakin teku,
in ganyen shayi ya sha yankan fari.
Da ƙafa muke zuwa, kwana biyu,
shanu gaba, tukwane a baya,
uwata tana ƙirga mu a kowace gada
kada kogi ya ɗauki rabonsa.
Yanzu awa uku ne a mota,
ana isowa ana cewa wayyo baya.

Ran farko suka zagaye murhu
suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa.
Na narka man shanu, na zuba garin masara,
na jefa cuku, ya yi ta miƙa
har cokali ya kai kafaɗa bai tsinke ba.
Dogon cikinsu, Ferhat, mai lissafin banki,
ya side kasko da ɓawon burodi
ya manta bai ɗauki hoto ba.

Ran na biyu jar saniyata ba ta dawo ba.
Na ce, ku sa takalma.
A cikin fari fat ido ɗan rakiya ne,
kunne ke jan gora.
Muka tsaya cik. Ƙorama. Ɗigar ruwa daga ganye.
Numfashin yarinyar nan, Nilufer, sama-sama.
Can, ƙasa da dutsen da beyar ya fasa mana amya bara,
ƙararrawa, siririya kamar zare.
Ita ta fara ji.
Ta riƙe igiyar har gida, ta ƙi ba kowa,
taɓo har gwiwa, baki har kunne.

Daren nan Ferhat ya tambaye ni
wane ne a hoton da ke jikin bango.
Na ce Shevket ne, mai gidan.
Shi ya sassaƙa wannan ƙofa,
shi ya sa ta gajarta, don shi gajere ne,
duk baƙon da ya shigo sai ya rusuna masa.
Bazara takwas ke nan ina hawowa ba shi.

Ran na uku babu wanda ya tambayi gajimare.
Sun kaɗa nono, sun faskara itace a karkace,
sun yi barcin rana da safa a ƙafa.

Asubahin da za su tafi, na fita tatsa,
sai ga shi ya sauka,
ya kwanta a kwari, fari ƙal, har iyakar gani,
kawunan duwatsu sun leƙo kamar tsibirai,
rana tana shafa musu jan baki.
Na ƙwanƙwasa ƙofa da gindin bokiti.

Suka fito cikin barguna, ba takalmi, a kan raɓa.
Babu mai magana.
Nilufer ta laluba aljihu,
sai ta tuna wayar na ƙarƙashin matashi,
ta dubi ƙofa, ta dubi kwari,
ba ta koma ba.

Ni dai na juya wajen saniya.
Nono ba ya jiran kallo,
kuma Hikmet na can ƙasa, cikin farin,
ina jin motarsa tana tari a kwana ta goma.